Jirgin da Bai Sha Mai Ba

A duk faɗin garin Sabha na ƙasar Libiya babu ruwan da zai kai wa akuya ƙirji, in ba wanda inji ya jawo daga ƙarƙashin ƙasa ba. Amma a nan ɗin Inoussa ya ga damar zama ya sassaƙa jirgin ruwa, kuma duk wanda ya leƙo ɗakin ya yi dariya, shi ma sai ya taya shi, har tari ya sarƙe shi.

Shi da ƙanensa Moumouni Sarkawa ne masunta 'yan Gaya, a bakin kogin Kwara aka yanke musu cibi. Ubansu masassaƙin jirage ne, Inoussa kuma shi ya gaji gizagon. Da babban farin nan ya zo, kogi ya ja da baya, kifi ya yi wuya, mutane suka daina sayen sabon jirgi, sai dai a yi ta liƙe tsoho. A daidai lokacin ne Libiya ta haƙo mai ta rasa inda za ta sa kanta don daɗi. Ko ina ka juya a Sabha rodi ne ya miƙe sama, ko ina buhun siminti ne, unguwar Gurda kuwa in ka yi wata ba ka bi wata hanya ba sai ka ɓata a cikinta. 'Yan'uwan biyu suka hau saman babbar mota suka keto hamada tare da sauran jama'a.

Inoussa, mutumin da zai dubi icce a tsaye ya gaya maka irin jirgin da ke cikinsa, ya koma buga katakon da ake zuba kankare a ciki. Moumouni ya kama fenti, ya kuwa kama shi da hannu biyu. Ya zama irin mutanen nan da ba sa iya shiga ɗakinka su gaishe ka sai sun fara duban bango. In ya ga inda burushi ya bar gashi ɗaya a ƙofa, ranar ba ya cin abinci da daɗi. Larabawa masu gini suna son aikinsa, abokan aikinsa kuma suna tsokanarsa, shi ko a jikinsa.

Tarin ya kama Inoussa a wani lokacin sanyi, sanyi ya wuce tari bai wuce ba. A asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ba shi ƙwayoyi da allurai. Daga baya likitan ya ja Moumouni gefe ya yi masa Larabci mai yawa, abin da ya tsinta a ciki bai wuce “Allah Karim” ba, sai kuma yadda mutumin ya ƙi haɗa ido da shi. Maganar komawa gida ba ta ma taso ba. Hanyar Agadas a saman kaya, mai lafiya ma da ƙyar yake isa da hankalinsa. Don haka Inoussa ya zauna a ɗakinsu na haya, ya ciro ƙaramin gizagon da ya taho da shi a ƙasan jaka, ya ce a kawo masa guntun katako daga shantiye, wato wurin ginin da suke aiki.

Jirgin farko bai yi mako ba ya tsage tun daga goshi har gindi. A Gaya ruwa ake tsoro kada ya shiga jirgi, a Sabha kuwa iska ce ke tsotse katako har ya buɗe baki. Inoussa ya daɗe yana duban tsagar, sannan ya sa a kawo wani guntun. Na biyun ya ɗauke shi lokaci mai tsawo, don yanzu in ya yi sara kaɗan sai ya jingina da bango ya nemi numfashi. Amma da ya gama, jirgi ne. Tsawonsa kamu ɗaya, goshinsa ya ɗaga kamar na jiragen gidansu, har da 'yan sandunan zama a ciki da ɗan filafilin tuƙi wanda bai fi cokali ba.

“Wanga ba ya tsagewa, in Allah ya so,” in ji Moumouni, yana jujjuya shi a hannu. “Ba ni shi, Yaya. In sa mishi fenti, in bi shi da warnish.”

Warnish shi ne ruwan nan mai kalar zuma da ake shafa wa ƙofofin manyan gidaje su yi ƙyalli, rana da iska su bar su su zauna lafiya.

“Yi mishi abin da ka ga dama,” Inoussa ya ce. “Ni dai buƙatata ɗaya ce. Ka kai ni wurin Djibo in aza shi bisa ruwa da hannuna, in ga ya zamna daidai bai karkata ba. Shi ke nan.”

Djibo ɗan garinsu ne, yana gadin wata gona a bayan gari. A gonar akwai jabiya, wani tafkin siminti da inji ke cikawa don ban ruwa. Ba kogi ba ne, ko kududdufin kirki bai kai ba, amma ruwa ne kwance, kuma rabon Inoussa da ya ga ruwa kwance tun ranar da suka bar gida.

“Juma'a mai zuwa,” Moumouni ya ce. “Na ɗauki alkawari.”

Da yammacin nan ya zauna a ƙofar ɗaki ya gurje jirgin da sanfefa har ya yi santsi, ya ajiye shi kusa da tabarmar wansa. Washegari da ya dawo daga aiki ya lura katakon ya ɗan yi duhu, amma rana ta kusa faɗuwa, ya ɗauka idonsa ne. Ƙamshin man kaɗe kuwa bai ba shi mamaki ba, don ɗakin kullum haka yake. Inna Saoudé, wata Badamagariya mai tuwon sayarwa a gidan da ke jikin nasu, ita ta kawo wa Inoussa gwangwani guda yana shafawa a ƙirji. Moumouni ya buɗe farin fenti ya shafa wa jirgin hannun farko, ya jingine shi a lungu.

Fenti ya ƙi bushewa. A Sabha fa, inda za ka wanke riga ka shanya, kafin ka idar da salla ta bushe ƙayau. Kwana ya yi kwana, in ya taɓa sai ya ji danƙo, wani wurin ya tattare kamar fatar tsohuwa, wani wurin fentin ya janye ya bar katako tsirara. Moumouni ya zargi gwangwanin, ya zargi burushin, ya zargi Baturen da ya haɗa fentin a ƙasarsu. A ƙarshe ya naɗe jirgin a takardar buhun siminti ya tafi da shi wurin aiki ya nuna wa Maliki, wani Bakano abokin aikinsa mai bakin tsiya.

Maliki bai ko duba ba, hanci ya kai. Ya shaƙa sau ɗaya ya fashe da dariya.

“Oga Moumouni! Kai ne kullum kake koya mana aiki, ashe a kan mai kake shafa fenti? Wallahi wannan katakon ya sha man kaɗe ya ƙoshi. Ko shekara za ka yi kana jira ba zai bushe ba.”

Moumouni bai tsaya an tashi aiki ba. Ya shigo ɗaki da jirgin a hannu, ko sallama bai gama ba.

“Yaya, mi ka yi ma jirgin ga?”

Inoussa yana kwance, ya ɗago kai a hankali. “Mai na ba shi.”

“Mai?”

“To da yunwa za shi shiga ruwa? Ka manta da Baba?”

Moumouni bai manta ba. A gidansu ba a tura sabon jirgi ruwa sai ya sha mai. Wanda ya sassaƙa shi ne zai narka man kaɗe, ya yi bisimilla, ya shafa da tafin hannunsa tun daga goshi har gindi, ya bar shi a rana ya shanye, ya ƙara. Ubansu yakan ce jirgin da bai ji hannun mai shi da mai ba, baƙo ne a ruwa. Sun sha tsayawa suna yara suna kallon wannan. Amma Moumouni a ranar ba ɗan masassaƙi ba ne, mai fenti ne da aka yi wa dariya a gaban mutane.

“Nan ba Gaya ba ne, Yaya! Fenti ba ya kama mai, ko yaro ya san hakanan. Ka ɓata mini aiki.”

“Aikinka,” Inoussa ya maimaita. Bai ɗaga murya ba, ba shi ma da muryar ɗagawa.

Tunda aka haifi Moumouni bai taɓa yi wa wansa tsawa ba sai ranar. Kunya ta kama shi nan take, amma maimakon ta sa ya sauko sai ta ƙara masa taurin kai, kamar yadda take yi wa mutane da yawa.

Can Inoussa ya ce, “Bar shi hakanan. Gobe Juma'a, mu tahi da shi wurin Djibo. Ruwa bai damu da fenti ba.”

“Da wanga ƙazanta? A ce jirginka ne, a ce ni na yi mishi fenti? A'a. Ka ba ni 'yan kwanaki in gyara shi. Wata Juma'ar.”

Kuma don kada a sake yi masa ɓarna, ya mayar da jirgin shantiye. Abin da Inoussa yake kwana da shi a gefen tabarma, yake shafawa in tari ya hana shi sakat, ƙanensa ya ɗauke ya kai wata unguwa ya kulle.

Gidan da suke yi wa fenti na wani babban ɗan kasuwa ne, bene mai ɗakuna kamar makaranta. Moumouni ya zaɓi wani ɗaki a sama wanda aka riga aka gama, ya mai da shi asibitin jirgi. Ya wanke fentin da fetur. Ya shanya jirgin a rana, man ya dinga tsattsafowa daga cikin katakon kamar gumi, ya barbaɗa toka ta tsotse, ya kaɗe, ya sake shanyawa. Katakon ya sha man sosai, don Inoussa bai yi rowa ba, sai da aka yi kwanaki ana wannan kafin ya daina fitowa. Juma'ar ta wuce.

Sai gurza, da sanfefa mai kaushi sannan mai laushi. Sai farin fenti na ƙasa, wanda a wannan karon ya kama ya bushe kafin la'asar. Sai baƙi a gindi, shuɗi a gefe, da siririn layin ja da fari a baki, irin adon da masu jiragen kasuwa ke yi a gida. A gaskiya duk wanda ya ga hannun Moumouni yana jan layin nan, ba ya ko karkacewa, ya san Allah ya ba shi abin.

Kowace yamma in ya shigo, tambayar wansa ɗaya ce.

“Ya bushe?”

“Da saura kaɗan, Yaya.”

“To.”

Daga nan ba ya ƙara cewa komai a kan jirgi. Sai dai Moumouni yakan ga hannuwansa a kan bargo suna motsi, babban yatsa yana bin wani abu da ba ya nan. Yakan kawar da kai ya tambaye shi ko ya sha magani.

Aka zo kan warnish, inda Moumouni ya fi kowa tsanani. Sai ya yayyafa ruwa a daɓen ɗakin don ƙura ta kwanta, ya rufe taga, ya tuɓe rigarsa ya bari a waje. Ya tace warnish ɗin da tsumma mai tsabta. Hannun farko a tsinke yake yinsa don ya shiga ko ina. Burushi hanya ɗaya yake bi, daga goshi zuwa gindi, ba ya komawa inda ya wuce ko da ya ga kuskure. In ya gama ya kife kwali a kai, ya fita a kan yatsun ƙafa. In ya bushe sai ya bi shi da sanfefa mafi laushi har ƙyallin ya dushe, ya goge, ya ƙara wani hannun a kai. Wata Juma'ar ma ta wuce. Djibo ya aiko a tambaya ko an fasa ne, don har ya wanke jabiyar ya cika ta.

Inna Saoudé ce ta tare shi wata safiya a ƙofar gida, da muciya a hannu. Mace ce da ba ta iya zagaye-zagaye ba.

“Kai mai fenti, tsaya. Jirgin nan aure za ka yi mishi?”

“Saura hannu ɗaya, Inna.”

“Hannu ɗaya tun yaushe? Jiya na kai mishi kunu, ko rabin ludayi bai sha ba. Kana da ido kana ganin gashin burushi a ƙofar mutane, ba ka ganin wanka? Ka kawo mishi abinshi, ko jiƙe ne.”

“In an taɓa shi yanzu, shaidar yatsa za ta hito.”

“To ta hito mana! Yatsan wa?”

Ya wuce abinsa. Ita a ganinta girman kai ne na mai sana'a, kuma akwai shi, ba a raba Moumouni da wannan. Amma ba shi kaɗai ba ne. Tsoro ne fal a cikinsa. Ya ji da kunnensa wansa ya ce buƙatarsa ɗaya ce, shi ke nan. Mutumin da buƙatarsa ɗaya ce, in an biya masa ita, me zai tsaya jira? Muddin jirgin bai bushe ba, Inoussa zai kai yamma don ya yi tambayarsa. Moumouni bai taɓa faɗa wa kansa wannan a fili ba, amma duk ranar da ya ɗaga kwalin ya ga aiki ya kammala, sai idonsa ya nemo wani ɗan wuri da bai kwanta ba, ya ɗauko sanfefa. Yana ganin da burushi zai riƙe ɗan'uwansa a duniya.

Ranar wata Alhamis ya ɗaga kwalin, ya kai jirgin bakin taga, ya juya shi ta kowane gefe. Ya nemi aibi har ya gaji bai samu ba. Shuɗin ya yi zurfi kamar a sa hannu a ciki, yana ganin fuskarsa a jikin baƙin. Ya danna farce a ƙasa inda ba a gani, ko alama. Maliki ya leƙo, wannan karon bai yi tsokana ba, ya ce, “Oga, ka kai masa haka nan. Wallahi ya isa.”

A daren jiya Inoussa bai yi tambayar ba. Moumouni ya shigo ya zauna yana jira, wansa ya dube shi kawai ya lumshe ido. Wannan shirun ne ya tsorata shi fiye da tarin. Don haka ya naɗe jirgin a tsohuwar rigarsa mai laushi, ya sauko. A hanya ya tsaya ya yi magana da wani mai tasi ya zo da safe ya kai su gona. Yana tafe yana shirya abin da zai ce. Zai durƙusa ya ce Yaya ka yi haƙuri da maganar rannan. Zai ce ga jirginka, in ka ga dama ka juye masa gwangwanin man gaba ɗaya.

Tun daga bakin lungu ya hango takalma. Ɗakin da ba ya tara fiye da takalmi biyu ko uku, yau an jera su har bakin hanya, silifa da takalman leburori masu siminti a jiki. Wani yana fitowa da buta. Djibo na tsaye a jikin bango, da ya ga Moumouni sai ya sunkuyar da kai.

Bayan azahar ne Inoussa ya cika, in ji su. Inna Saoudé tana wurin. An aika mutum shantiye, ya yi ta kira a ƙasa, amma Moumouni yana sama ya rufe ƙofa da taga saboda ƙura, masu aikin ƙasa kuma suka ce ba su gan shi ba. Mutumin ya wuce wani ginin yana nema.

Moumouni bai san wanda ya karɓi ƙunshin daga hannunsa ba. An yi wanka, an yi salla, an kai Inoussa maƙabarta kafin magariba, aka sa ɗan bakin kogi a ƙasar da sai an sa diga take buɗewa. Mutane suna ta yi masa gaisuwa da Hausa da Zabarmanci da Larabci, yana amsawa, idonsa a bushe. Har wasu suka yaba da tawakkalinsa.

Da safe mai tasi ya zo ya yi ta danna ƙaho, Djibo ya fita ya sallame shi. Da masu gaisuwa suka ɗan ragu, Inna Saoudé ta shigo da kunu, ta ajiye, ta zauna a bakin ƙofa. Ƙunshin yana lungu inda wani ya ajiye shi, ba a ko kwance ba. Ba ta so ta faɗa, amma saƙon mamaci ba a riƙe shi.

“Jiya da hantsi ya ce in buɗe mishi gwangwanin man in aje kusa da hannunshi,” ta ce. “Na ce in shafa maka a ƙirji? Ya ce a'a, ba nashi ba ne. Ya ce in Moumouni ya kawo jirgin, kada in bari ya yi faɗa. Ba zai ɓata mishi aiki ba, yatsa ɗaya kawai zai sa a goshi. Ya ce in gaya maka ya san ka iya.”

Gwangwanin yana nan a gefen tabarmar, a buɗe, ba wanda ya tuna ya rufe shi.

Moumouni ya jawo ƙunshin ya kwance. Hasken ƙofa ya faɗa a kan jirgin, Inna Saoudé ta ce “Masha Allah” ba ta san ta ce ba. Ya aza shi a cinyarsa. Ya sa yatsa ya lakuto man, ya yi bisimilla, ya shafa a goshin jirgin. Man ya narke da ɗumin hannunsa, ya taru ƙwaya-ƙwaya a kan ƙyallin, ya gangara ta gefe ya ɗiga a wandonsa. Ya ƙara lakutowa, wannan karon da yawa, ya murza da tafin hannu tun daga goshi har gindi, ya danna da ƙarfi. Ya jira. Ya goge da gefen hannu ya duba, jirgin yana nan yadda ya sauko da shi daga bene, ko ɗigo bai shiga ba.

“Bari hakanan, Moumouni,” ta ce a hankali.

Ya ɗago ya dube ta, hannunsa duk mai. Sai a lokacin kukan ya zo masa.

“Inna, ya ƙi sha,” ya ce. “Ya ƙi sha.”